Gyara, Bashi da Wa'adi: Yadda Tallar Kamfanonin Magani Ke Isa Kantar Antibayotik a Malam Inna, Gombe

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda masana harhaɗa magunguna da masu kemis suke kallon tallar kamfanonin magani, da yadda tallar ke taɓa sayar da antibayotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya. An ɗauki unguwar Malam Inna da ke birnin Gombe a matsayin madubi. An dogara ga lura da abin da ke gudana a bakin kanta, da dokokin da suka shafi sana'ar, da binciken da aka riga aka wallafa. Matsayar takardar ita ce, ra'ayin da mai magani zai faɗa da bakinsa game da talla ba ya bayyana abin da hannunsa zai miƙa wa mai saye. Abin da ke bayyana shi abu uku ne da ke cikin takardar sayayya: gyaran da aka yi masa, bashin da aka ba shi, da wa'adin kayan da aka jibge masa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 mujallar The Lancet ta wallafa wani babban ƙiyasi kan bijirewar ƙwayoyin bakteriya ga magunguna. Ƙiyasin ya nuna cewa a 2019 kaɗai bijirewar ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi yi wa ɓarna shi ne namu na Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Kason Nijeriya a wannan lissafi shi ne kimanin mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da bijirewar ta taimaka wajen ajalinsu. Ƙasar ta yi tsarin yaƙi da matsalar na farko na 2017 zuwa 2022, ta kuma sake fitar da na biyu na 2024 zuwa 2028.

Ana rubuta irin waɗannan tsare-tsare a Abuja, amma a lungu ake sayar da kafso. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa, kantar magani ita ce asibitin farko, sau da yawa kuma ita ce na ƙarshe. Don haka duk abin da ya karkatar da hannun mai kanta, ya karkatar da lafiyar unguwa.

2.0 Malam Inna da kantocinta

Malam Inna unguwa ce da ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004. Kusancin ya cika ta da ɗaliban da ke zaman haya, ga kuma magidanta masu ƙaramin ƙarfi, 'yan tireda da ma'aikata. An fi jin sunanta a labarai dangane da kwarin zaizayar ƙasa da ya taso daga wajen jami'a ya ratsa ta zuwa Kagarawal. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha duk suna cikin gari, amma zuwa can yana nufin kuɗin keke, kuɗin kati, layi, da asarar yini guda.

Sai a fara bambance iri biyu na kanti, domin a bakin jama'a duk "kemis" ne, mai kantin kuma "Dakta". Akwai famasi, wanda doka ta ce sai an sami masanin harhaɗa magunguna mai rajista da ke kula da shi. Shi ne ke da izinin ajiye antibayotik da bayar da shi bisa takardar likita. Akwai kuma kemis na ainihi, wanda lasisinsa ya tsaya kan jerin magungunan da aka amince a sayar ba tare da takarda ba, cikin kwalinsu na asali. Duka biyun suna ƙarƙashin Majalisar Harkar Magunguna ta Nijeriya, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. A unguwanni irin Malam Inna kemis ne ke da yawa, famasi kuwa ya fi son bakin babban titi da kusa da asibiti.

Ga abin da mai lura zai gani idan ya zauna a kan benci tsakanin magariba da isha'i. Saurayi ya shigo, da ganinsa ɗalibi ne, ya ce, "Dakta, a haɗa mini na taifot, na ɗari biyar." Ba a tambaye shi wa ya ce masa taifot ne ba. Mai kanti ya ɗauko almakashi, ya yanko ƙwaya huɗu daga katin siprofloksasin, ya ƙara farasitamol da ƙwayar ƙarin jini, ya ƙulle a farar leda. Bayansa yarinya ta miƙo tsohon kati da babu ko ƙwaya ɗaya a ciki: "Wai in ji Mama a ba ta irin wannan." Wata uwa kuma ɗanta na gudawa, filajin take nema da kafso ja da yalo. A ciniki ukun nan babu takardar likita, babu kuma wanda ya tafi da cikakken adadin da zai kashe cuta. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel cewa shan abin da bai kai kima ba yana koya wa ƙwayar cuta jure magani. Almakashin nan aikin da yake yi ke nan kowane dare.

Abin da ya shafi wannan takarda shi ne wata tambaya da ba a cika yi ba. Me ya sa katin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi na wannan kamfani ne, kuma siprofloksasin ne?

3.0 Abin da baki ke faɗa

Yawancin bincike kan wannan batu takardar tambayoyi ake rabawa: shin kana ganin kyautar kamfani tana shafar aikinka? Amsar da ake samu kusan iri ɗaya ce a ko'ina. A 2001 Steinman da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike kan likitocin da ke neman ƙwarewa a Amurka. Kashi 61 cikin 100 sun ce tallar kamfanoni ba ta shafar yadda su kansu suke rubuta magani, amma kashi 16 kacal suka yarda cewa sauran likitoci ma ba ta shafar su. Bahaushe ya riga ya faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 2016 kuma DeJong da abokan aikinta sun nuna a mujallar JAMA Internal Medicine cewa cin abinci sau ɗaya tak a kan kuɗin kamfani, wanda galibi bai kai dala 20 ba, yana da alaƙa da ƙarin rubuta maganin wannan kamfani. Ba sai kyauta ta yi girma ba.

Idan aka saurari masana magunguna a nan gida, za a ji hujjoji da ba na banza ba. Na farko, wakilin kamfani yana kawo labarin sabon magani, kuma sau tari shi kaɗai ne ke kawo shi, tunda mujallun ilimi suna da tsada, tarukan ƙara wa juna sani kuma kamfanonin ne dai ke ɗaukar nauyin da yawansu. Na biyu, biro da kalanda da farar riga mai tambari ba su isa su sayi mutumin da ya yi shekaru a jami'a ba. Na uku, wanda ba a faɗa a takarda: wakilin nan ba baƙo ba ne. Yakan kasance shi ma masanin magunguna ne, wataƙila ajinsu ɗaya, ko an yi bautar ƙasa tare, ya zo ɗaurin aure, ya zo ta'aziyya. Idan ya ce, "Yallaɓai, a taimaka mini in cika adadin wata," maganar ta tashi daga talla ta koma zumunci, kuma a ƙasar nan mayar da hannun ɗan'uwa abin kunya ne.

Ni dai na yarda da mai cewa biro bai saye shi ba. Inda nake ja shi ne a ce da an tabbatar da hakan an gama magana.

4.0 Gyara, bashi da wa'adi

Likita rubutawa yake yi, ba ya ajiye kaya. Mai famasi kuwa ɗan kasuwa ne kuma ma'aikacin lafiya a lokaci guda, kuma kamfani da ɗan kasuwar yake magana. Harshen da ake yi da shi kuwa tsohon harshe ne da kowace mai sayar da daddawa ta sani, wato gyara. Sayi kwali goma a ƙara maka ɗaya, sayi katan a ƙara maka kwali kaza.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce kwalin wani antibayotik naira 1,000 ne a sari, ana sayar da shi 1,200. Wanda ya sayi goma ribarsa 2,000. Idan an yi masa gyaran kwali ɗaya, ribar ta koma 3,200, wato ta ƙaru da kashi 60 cikin 100 ba tare da ya ƙara ko kwabo a jari ba. Yanzu a kantarsa akwai magunguna biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya da gyara ɗaya babu. Ba sai ya zama mugu ba kafin hannunsa ya saba da hanyar wanda ke da gyara. Har nan, wani zai ce ai zaɓi ne tsakanin tambari da tambari, majiyyaci bai yi asarar komai ba. Gaskiya ne, da abin ya tsaya a nan.

Sharaɗin gyara shi ne yawa. Wanda bukatar kantinsa kwali huɗu ce a wata, sai ya ɗauki goma don ya sami na sha ɗaya. Daga nan sai bashi ya shigo: a sauke maka kaya yau, ka biya bayan wasu makonni. Ga mai ƙaramin jari wannan rufin asiri ne, shi ya sa ba ya ganin wakilin kamfani a matsayin mai talla, majingina yake ganinsa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar biya tana nan tafe, wakilin zai dawo da littafinsa, shi ma a bayansa akwai manaja da ke jiran adadi, la'adarsa kuma a kan yawan abin da ya fitar take.

Na ukunsu shi ne wa'adi. Shinkafa in ta yi kwantai a iya cinye ta a gida, magani kuwa akwai ranar mutuwarsa a jikin kwali, kuma kayan da ake yi wa gyara mai tsoka wani lokaci waɗanda wa'adinsu ya kusa ne. Idan kwali bakwai suka rage, saura wata uku su lalace, to duk mai tari da mura da ya shigo, a idon mai kanti hanyar fitar da kwali ɗaya ce. Mura kuwa galibi bairos ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa bairos. A wannan gaɓa talla ta wuce sauya tambari, ta ƙara yawan mutanen da ake bai wa antibayotik alhali ba sa bukata. Wannan shi ne bambancin antibayotik da maganin hawan jini. Ba za ka iya sayar wa mai ƙoshin lafiya maganin hawan jini ba, amma kowane zazzaɓi, kowace gudawa, kowane ciwon mara ana iya fakewa da shi a miƙa antibayotik.

Mai kemis na cikin lungu ba kasafai manyan wakilai ke taka ƙofarsa ba. Tallar tana iso masa ne ta hannun dillali. Shagon sari da ya karɓi gyara a kan katan ɗari shi zai tura kayan ƙasa, ya ce wa mai kemis, "Wannan ne ke tafiya yanzu, ɗauki, in ka sayar ka kawo." Ta haka maganin da doka ba ta yarda ya kwana a kemis ba yake zama kayan da suka fi kawo masa ciniki. Ga kuma wata ɓaraka da 'yan sana'ar suka sani sarai: famasin da lasisi ke rataye a bango, mai lasisin kuma yana wani aiki a wani wuri. Wanda ke karɓar wakilin kamfani, ya yanke shawarar katan nawa za a sauke, mai jari ne ko yaron shago. Idan mai bincike ya je ya tambayi mai lasisi ra'ayinsa, ya tambayi wanda ba ya nan lokacin da aka yi cinikin.

Kada a ɗauka ana ɗora wa kamfanoni komai. Mai saye ma yana da nasa matsin. Wanda ya zo da sunan magani a bakinsa, in an hana shi, kanti na gaba taku ashirin ne, kuma ba zai dawo sayen ko man zafi ba. Talauci ne ke riƙe da almakashi. Sai dai matsin mai saye da matsin kaya a kanta hanya ɗaya suke turawa, babu mai ja da baya a cikinsu.

5.0 Wane magani ne ke tafiya

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku a tsarin da ta kira AWaRe. Akwai na hannu, waɗanda ya kamata a fara da su, irin su amoksisilin da metronidazol. Akwai na sa-ido, waɗanda ƙwayoyin cuta ke saurin bijire musu, irin su siprofloksasin, azitromaisin, sefuroksim da allurar seftriyakzon. Sai na ajiya, irin su kolistin, na ranar da komai ya ƙi. Hukumar ta so aƙalla kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasa ke sha ya fito daga rukunin farko. A Satumban 2024 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaga burin zuwa kashi 70 nan da 2030.

Matsalar ita ce riba ba ta bin wannan tsari. Amoksisilin tsohon magani ne mai araha, ribarsa kaɗan. Na rukunin sa-ido sun fi tsada, sun fi kwalliya a kwali, ana kuma kiran su "mai ƙarfi", kalmar da ke sayar da magani a kasuwarmu fiye da kowace. Kamfanoni da dama suna shigo da sinadari ɗaya daga Indiya ko Sin, kowanne da sunan da ya raɗa masa, kuma tunda abin da ke ciki ɗaya ne, da gyara kawai za su iya yin gasa. Akwai kuma gaurayen ampisilin da kloksasilin, wanda kowa ya sani da Ampiclox, har ana ɗiga wa jarirai sabbin haihuwa don wai a wanke musu jiki. Wannan gauraye yana cikin jerin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar amfani da su ba, amma da wuya ka shiga kanti ka rasa shi.

Taifot ita ce babbar ƙofa. Gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yana yawan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, musamman a wuraren da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar. Sakamakonsa shi ne "maleriya da taifot" da ake jin kowa na fama da su, da katin siprofloksasin da ke biyo baya. Inda wannan hanya take kaiwa an gan shi a lardin Sindh na Pakistan, inda daga ƙarshen 2016 aka sami taifot da ta bijire wa tsofaffin magunguna uku, da dangin siprofloksasin, da seftriyakzon, har ya zama azitromaisin ne kusan kaɗai maganin haɗiya da ya rage. Shi kuma azitromaisin ɗin mun ga yadda aka yi rububinsa a 2020 lokacin korona, cutar da bairos ke kawowa.

Shekarar 2023 ta ƙara dagula lissafi. An saki farashin naira a watan Yuni, a watan Agusta kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin antibayotik ɗinsa na Augmentin ya yi tashin gwauron zabi. Gurbin da aka bari sai ƙananan tambura suka yi ca a kansa. Mai kanti da jarinsa ya zaizaye ya ƙara dogaro da mai ba shi bashi, mai saye kuma ya ƙara neman a yanka masa kati.

6.0 Inda doka take kallo

Dokokin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sun hana tallata maganin da sai da takardar likita ga jama'a a rediyo ko allon titi, kuma kowace talla sai hukumar ta tantance ta. Ƙa'idojin ɗa'a na tallar magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 1988 su ma sun fi mayar da hankali kan gaskiyar abin da ake faɗa da halayyar wakilai, ko da yake sun yi nuni da cewa bai kamata babban kason albashin wakili ya rataya kan yawan cinikinsa ba. Wannan nuni shi ne ya fi kusa da ciwonmu, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Gidauniyar Access to Medicine da ke Amsterdam tun 2018 take auna manyan kamfanoni kan ko sun raba ladan wakilansu da yawan antibayotik ɗin da suka sayar. Sai dai yawancin tamburan da ke kantocin Malam Inna na ƙananan masu shigo da kaya ne da wannan ma'auni bai kai kansu ba.

Mun taɓa ganin abin da matsin cika adadi ke haifarwa. A Afrilun 2018 binciken BBC Africa Eye ya nuna ma'aikatan tallace-tallace na wasu kamfanoni suna fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, kuma a ranar 1 ga Mayu gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Kodin ya sami wannan kulawa ne saboda ɓarnarsa a fili take, ana ganin matashi yana layi a titi. Wanda antibayotik ya daina yi wa aiki kuwa a gadon asibiti yake mutuwa, a ce ciwo ne ya ƙi jin magani.

Matakin da ya fi taɓa tushen kayan shi ne na Kano. A Fabrairun 2024 NAFDAC da PCN sun rufe shagunan magani sama da 1,300 a yankin Sabon Gari, don tilasta wa 'yan sari komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro a kan hanyar Zariya. Wannan ya shafi Gombe, domin Kano na cikin manyan wuraren da Arewa maso Gabas ke sari. Tara 'yan sari wuri guda yana ba da damar da ba a taɓa samu ba ta sanin wane ne ya sayi katan nawa na wane magani.

Daga nan shawarwarin takardar suka taso. Masu bincike, musamman na Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Jihar Gombe da ke da Malam Inna a bayan katangarta, su rage dogaro da takardar tambayar ra'ayi, su nemi ganin takardun sayayya: wane antibayotik ne ya zo da gyara, kwana nawa aka ba da na biya, saura wata nawa wa'adinsa ya cika ranar da aka sauke shi, kuma yaya fitarsa ta kasance a makonnin ƙarshe. PCN da NAFDAC su duba hana gyaran yawa a kan rukunin sa-ido kaɗai, a bar shi a kan sauran kaya don kada a karya ƙananan 'yan kasuwa. Ƙungiyar masu famasi ta ACPN da ta masu kemis ta NAPPMED kuma suna da ƙarfin da za su sa wa masu kawo kaya sharaɗi guda a rubuce: duk antibayotik ɗin da ya rage saura wata uku wa'adinsa ya cika, kamfani ko dillali ya karɓi abinsa, ya cire kuɗinsa daga bashin da yake bin mai kanti.